Kwalin irin bonsai da na saya a intanet: yau shekara 3 da wani abu, ga yadda muka kwashe

Wannan bayanin tuntuni naso in rubuta shi amma nace bari dai in bari sai naga ƙarshen abun, don galibin masu ba kwalayen nan tauraro biyar ranar da ɗan aike ya miƙo musu suke bayarwa, kwali yayi kyau, almakashi yana ƙyalli, shikenan an yaba. Ni kuma sai da na zauna da abun na shekara uku da 'yan watanni, na kashe wasu na raya wasu, to yanzu ina ganin ina da bakin magana.

A Disambar 2021 na saya, lokacin ina aikin dare a nan Bradford, ka dawo da asuba bacci ya ƙi zuwa kana ta latse-latsen waya, sai ga hoton wata 'yar bishiya a cikin kasko, irin wadda ake kira bonsai, gajeruwa amma da ganinta kasan ta ga jiya ta ga yau, ɓawonta duk ya tsattsage kamar kaushin tsohon manomi. A ƙasa an rubuta wai shuka taka da kanka, komai na ciki. Fam 18 da 'yan kai. Ban ko yi shawara da uwargida ba na danna. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, kuma ma ba shi da wani amfani, don daga baya na lura kusan duk masu sayar da irin wannan kwali abu ɗaya ne suke zubawa a ciki, fentin waje ne kawai ya bambanta.

Abun da na tarar a ciki: 'yan ƙananan ambulan guda huɗu na iri, tukwane huɗu irin na takarda ɗinnan da suke ruɓewa da kansu, wasu dunƙulallun faya-fayai na garin ɓawon kwakwa waɗanda in ka zuba musu ruwa suke kumbura su zama kamar ƙasa, 'yan katakai na rubuta suna, ɗan almakashi, sai ɗan littafi mai shafi 12 wanda rabinsa hotuna ne. Iri huɗun kuwa, akwai baƙin fayin na Japan, icen nan mai siraran ganye kamar allura da Turawa ke kira pine, wanda su Japanawa ke kira kuromatsu, shi ne dalilin sayen nawa, akwai wani dangin bishiyar Kirsimeti na Norway, akwai jakaranda, sai na huɗun da ya sa na yi dariya ni kaɗai a kicin har uwargida ta leƙo tace lafiya? Irin filamboyan ne wallahi, bishiyar nan mai jan fure da dogon kwanso wanda muna yara a Jos muke tsinta muna kaɗawa yana caccaka. Abun da akuya ke takawa a bakin titi kyauta shi na sa fam na saya aka kawo min har ƙofa. To Allah ya kyauta. Shi da jakarandar ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, sun fito da sauri, sun yi tsawo, hunturun farko ya gama dasu saboda ba ƙasarsu bace.

Abu na farko da ya kamata duk mai son saye ya sani, kuma kwalin bai faɗa ba ko a wuri ɗaya, shi ne babu wani iri a duniya da ake kira irin bonsai. Babu shi. Wannan irin fayin ɗin da suka ƙunso, in ka jefa shi a gona ka manta dashi bishiya zai zama ƙatuwa wadda ta fi bene tsawo, irin waɗanda ke jere a bakin teku a Japan suna tare iska. Kalmar bonsai ɗin kanta ma'anarta kawai shuka a kasko, kuma asalin sana'ar daga Sin ta shiga Japan. Hannun mutum ne ke sa ta zama ƙarama, yankan saiwa, yankan reshe, ɗaurin waya, shekara da shekaru. To kaga wanda ya sayar maka da iri yace ya sayar maka da bonsai kamar wanda ya sayar maka da auduga ne yace ga babbar riga.

Ƙwayar fayin ɗin da na ƙirga 24 ce. Na raba biyu, kuma wannan rabawar ita ce kaɗai dabarar da nayi a farkon lamarin, ita ma ba don ilimi ba, don rowa ce irin tamu.

Kashin farko na bi littafinsu sak. Yace jiƙa iri kwana ɗaya, kumbura ƙasar, tura irin ciki, ajiye a bakin taga mai ɗumi, a riƙa ba da ruwa kar ƙasa ta bushe. Haka nayi a Janairu, a tagar kicin, hita na ƙasanta. Bayan kamar sati uku, guda biyar suka fito cikin 12, kuma gaskiya ranar da na fara gani naji daɗi ba kaɗan ba, wani ɗan siririn kore ya lanƙwaso daga ƙasa da ɓawon irin a kansa kamar ya sa hula, bayan kwana biyu ya cire hular ya baje 'yan ganyensa kamar laima. 'Yata har suna ta sa ma ɗaya. Amma Janairu a arewacin Ingila rana dududu awa takwas ce, ita ma rabinta gajimare, sai suka dinga miƙewa suna neman haske, sirara kamar zare, farare-farare, duk sun karkata wajen gilashi. Sati biyu bayan haka na tashi na tarar ɗaya ya kwanta, daidai inda ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwa-ruwa kamar an murtsuke shi da farce. Washegari biyu. Kafin sati ya zagayo babu ko ɗaya a tsaye. Tukwanen takardar kuma duk sun yi fumfuna fari a gefe, ga wasu ƙananan ƙudaje baƙaƙe suna ta shawagi a kicin, uwargida tace Baban yara ko dai ka fitar da gonar nan taka ko ni in fitar da ita.

Daga baya na gane ciwon sananne ne a wajen masu rainon iri, fumfuna ce da ke cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa take kama jaririn tsiro a wuya, kuma abun da take so shi ne daidai abun da littafin yace inyi: ɗumi, laima kullum, ba iska. Garin kwakwar nan riƙe ruwa yake kamar soso, tukunyar takarda ita ma ta jiƙe ta ƙi bushewa. Fayin kuwa bishiyar tsandauri ce da rairayi, ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Wato dai abu biyu daga cikin kayan kwalin, ƙasar da tukunyar, su ne makasan abu na ukun.

Na rubuta ma kamfanin saƙo da hotuna. A nan kam zan basu haƙƙinsu, cikin kwana biyu suka amsa, da ladabi, suka ce zasu aiko da wani irin kyauta, kuma sun aiko bayan kwana tara. Sai dai ambulan ɗin ba suna a jiki, na ba 'yata ta shuka abunta, da ya fito ashe na Norway ɗinnan ne ba fayin ba. Kuma ko kalma ɗaya basu ce ba a kan tambayar da nayi ta me ya kashe na farkon. Mutanen kirki ne a waya amma ina kyautata zaton wanda ya amsa min bai taɓa shuka ko albasa ba.

Wanda ya cece ni wani dattijo ne Bature, tsohon direban bas da ya yi ritaya, na haɗu dashi a wani ɗan taron masu bonsai da suke yi wata-wata a zauren wata unguwa kusa damu. Naje ne kawai in ga ko da gaske akwai masu wannan abun, na tarar da tsofaffi kusan goma sha biyar kowa da bishiyarsa a gaba da kofin shayi, ni kaɗai ne baƙar fata kuma ni kaɗai ne ban kai hamsin ba. Da na nuna masa hoton kwalin sai ya yi murmushi yace duk shekara bayan Kirsimeti sai an zo musu da irin wannan. Ya tambaye ni sauran iri nawa, nace 12, yace to ka zubar da komai ka bar irin da katakan rubuta suna. Da ɗan gari akan ci gari.

Ga yadda ya sa nayi da kashi na biyu. Na jiƙa su kwana ɗaya, biyu suka taso sama na zubar don galibi waɗanda suka ƙi nutsewa holoƙo ne. Goman da suka rage na naɗe a tishu mai ɗan danshi, ba jagab ba, na sa a leda na tura can ƙasan firji wajen da ake ajiye kayan miya, sati shida. Hikimar ita ce irin yana so yaji kamar hunturu ya wuce a kansa kafin ya yarda ya farka, in yaji sanyin nan sai su fito kusan tare kuma da yawa. Littafin kwalin ya ambaci firji a layi ɗaya tak, wai in kana so. Sau biyu uwargida ta kusa jefa ledar a shara tana zaton ragowar wani abu ne, sai da na rubuta KAR A TAƁA da jan biro.

Ƙarshen Maris na shuka su a wani faffaɗan roba mai huji da yawa, cikin tsakuwa ƙanana da yashi mai kaushi, na ajiye a waje a bayan gida inda rana ke bugawa, na rufa ragar waya saboda tsuntsaye da ɓeraye. A waje fa, cikin sanyin nan. Zuciyata bata so ba amma dattijo yace fayin ba kayan ɗaki bane, ko yana jariri ko ya shekara ɗari, in ka shigar dashi falo ka fara yi masa jana'iza ne a hankali. Wannan ma babban laifin kwalin ne, hoton da ke bayansa bishiya ce a kan teburin ofis kusa da kwamfuta. Ƙarya ce tsagwaronta. Ko a Japan in sun shigo da ita ɗaki don baƙi kwana biyu uku ne su maida ta waje.

Takwas suka fito cikin goma, gajeru, kakkaura, kore shar, ko kama da na tagar kicin basu yi ba. A nan ne na yarda cewa irin da ke cikin kwalin mai kyau ne, ba tsoho bane ba kuma na bogi ba, kuma da ganyen gaskiya ya fito bibbiyu a haɗe, daga baya kuma toho fari kamar azurfa a tsakiya, dattijo ya tabbatar min baƙin fayin ne na ainihi. Dodon koɗi irin marar ɓawon nan ya cinye ɗaya a dare guda, saura bakwai.

Sai kuma aka zo wajen da har yau in na tuna sai naji hannuna na rawa. Kamar sati shida bayan sun fito, lokacin da ɗan karan ya juya daga kore zuwa ja-ja mai ruwan makuba, dattijo yace in kawo su da sabuwar reza. Ya zare ɗaya daga yashi, ga saiwa doguwa guda ɗaya ta miƙe ƙasa kamar jelar ɓera, kawai sai ya ɗora a katako ya datse ta gaba ɗaya, ya bar ɗan kara da bai fi santimita biyu ba a ƙarƙashin ganyen. Nace Baba ka kashe shi ai! Yace zauna ka gani. Ya tsoma bakin yankan a wani farin gari mai sa saiwa ta fito, ya huda rami da fensir a tukunya, ya cika ramin da lallausan yashi, ya soka shi ciki. Dalilin kuwa, fayin in ka barshi uwar saiwa ɗaya yake yi ta nutsa ƙasa, wadda ba zata taɓa zama a kasko marar zurfi ba, kuma gindin bishiyar sai ya fito kamar an soka sanda a ƙasa. Amma in ka yanke tun yana jariri, sabbin saiwoyi sai su fito ta kowane gefe a zagaye kamar yatsun kaza, kuma wannan bajewar saiwar a saman ƙasa tana cikin abun da masana ke fara dubawa a jikin bonsai. Ga kuma riba ta biyu, rassan farko suna fitowa kusa da ƙasa tunda an rage tsawon karan. Dabarar masu rainon fayin ce a Japan.

Ni dai tsoro bai barni nayi ma duka ba, huɗu muka yanke na bar uku yadda Allah ya yi su. Huɗun na sa su a inuwa na kifa musu roba mai haske, ina fesa ruwa safe da yamma, sun yi kusan wata ɗaya ba su gaba ba su baya, ɗaya ya bushe, uku suka kama. Da na zo sauya musu tukunya a bazarar 2023 na ga bambancin da idona, gani ya kori ji: waɗanda aka yanke saiwa shida bakwai a zagaye, waɗanda ban yanke ba kuwa igiya ɗaya ta nannaɗe a gindin tukunya. Da na sani da duka na yanke. Ba reza a kwalin, ba garin saiwa, ba ko ambaton wannan aikin a littafin, alhali lokacinsa sati biyu ne ko uku a duk rayuwar bishiyar, in ya wuce ya wuce.

Maganar ƙasa kuma, abun da 'yan gaske ke amfani dashi wata ƙasa ce ta Japan mai ƙwaya-ƙwaya da ake kira akadama, a haɗa da dutsen nan marar nauyi irin wanda ake goge kaushi dashi amma an farfasa, da tsakuwar dutsen aman wuta. Buhu ɗaya na akadama ya fi kwalin nan gaba ɗaya tsada. Da na yi ƙorafi sai dattijo ya raɗa min sirrin talakawan bonsai na Ingila, wai wani nau'in ƙasar da ake zuba ma mage tayi kashi a ciki, gasasshen yumɓu ne ja-ja wanda baya dunƙulewa, in ka wanke shi ka tankaɗe yana aiki. Ranar da na shigo gida da buhu mai hoton mage alhali ba mu da mage, kallon da uwargida tayi min ba zan manta ba. Amma a kula, ba kowanne bane, mai dunƙulewar nan in ka zuba ka kashe bishiyarka, sai ka tambayi wanda ya sani ya nuna maka.

Tukunya kuwa kwandon roba na wanke shinkafa, na fam ɗaya. Da gaske nake. Saiwa in ta kai bakin huji ta haɗu da iska sai bakinta ya tsaya ta yi rassa a ciki, maimakon ta dinga zagaye. Illarsa kawai saurin bushewa, kuma shi ya ci min ɗaya a Agustan 2023 da muka je gida hutu na sati huɗu, yaron maƙwabta da na bar ma amana ya yi iya ƙoƙarinsa amma kwana uku da aka yi zafi ya manta. Kafin wannan kurege ya riga ya tone min ɗaya yana binne gyaɗarsa. Daga shida aka koma huɗu, uku masu yankakkiyar saiwa da ɗaya marar yanka.

Taki ma babu a kwalin. Japanawa dunƙulen tunkuzar wani iri mai mai suke ɗorawa a saman ƙasa, da na ji haka nace ashe ƙuli-ƙuli ne abincin bonsai. Ni dai na tsaya a takin ƙwaya na kashin kaji da ake sayarwa a shagon lambu, ina ƙunsawa a jakar shayi don kar tsuntsaye su watsar, daga bazara har kaka. A shekarun farko ba a yi musu rowa, so ake su yi ƙiba. Kuma in ka zare tukunya kaga wani farin abu kamar auduga a jikin saiwa mai ƙamshin ƙasa bayan ruwan sama, kar ka firgita ka wanke kamar yadda na kusa yi, wannan fumfunar abokiyar zaman fayin ce, tana taya shi jan abinci.

Almakashin kwalin sai a shekara ta biyu na fara neman amfaninsa, kuma a yanka na uku ƙusar tsakiyarsa ta saki. Yanzu yana cikin kayan ɗinkin uwargida tana yanke zare. Waya kuwa wadda ita ce ainihin kayan aikin, babu ko taƙi ɗaya a ciki, sai da na sayi ta alminiyam daban. A kakar shekara ta biyu na naɗa musu na lanƙwasa gindin, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wannan karin maganar kamar don fayin aka yi ta, in ya kai kaurin yatsa biyu sai dai ka haƙura da yadda ya tashi. Ɗaya na manta da wayar a jikinsa har tsakiyar bazara ta nutse cikin ɓawo, tabon na nan kamar zanen dunƙule. Dattijo yace a fayin ƙarami ba abun kuka bane, wasu ma da gangan suke barin ta ɗan ci don gindin ya kumbura, da shekaru ɓawo zai rufe. Allah ya sa.

To yanzu me nake dashi bayan shekara uku? Bari in faɗa muku gaskiya don kar wani ya zata hoton kwali zai samu. Tsirrai huɗu ne a kwandunan shinkafa, gindin mafi ƙarfinsu ya kai kaurin babban yatsana, kowanne da wani dogon reshe da ya miƙe sama tsawon hannu kamar eriyar rediyo, mummuna dashi. Ba a yanke shi, aikinsa kenan ya ja abinci ya sa gindi ya yi kauri, sai bayan wasu shekaru a sare shi a bar ƙananan rassan ƙasa su zama bishiyar. Ganyen dogaye ne sun fi yatsa tsawo. Dabarar da ake rage tsawon ganye, wato yanke sabon tohon nan mai kama da kyandir a farkon zafi don bishiya ta sake fitar da wani gajere, sai an gama gina gindi ake fara ta, ni da sauran aƙalla shekara huɗu ko biyar kafin in kai can. Duk baƙon da ya zo gidanmu na nuna masa sai yace to ina bonsai ɗin? Wani abokina ɗan Kano cewa yayi wannan ai tsintsiya ka shuka.

Bishiyar da ke hoton kwalin, a kiyasin dattijo, ba zata gaza shekara arba'in ba. Kuma a duniyarsu wannan yarinya ce. Akwai wani farin fayin a gidan adana bishiyoyi na ƙasa da ke Washington wanda ake raino tun 1625, yana Hiroshima lokacin da aka jefa bam a 1945 kuma ya tsira, mai shi Masaru Yamaki ya ba Amurka kyautarsa a 1976. Iyali ɗaya suka yi ta miƙa ma juna shi kaka da kakanni. A garin Takamatsu kuwa, inda mafi yawan fayin bonsai na Japan ke fitowa, gonaki guda ake shukawa a ƙasa ana raino shekaru kafin a tone a sa a kasko. To wannan ne ake ce maka ka fara da tukunyar takarda a kan teburin ofis.

Wasu 'yan uwa daga gida da suka ga hotuna a waya suna tambaya ko in aiko musu da kwalin. Ni dai ban ba da shawara ba. A Jos da Mambila ana samun fayin irin na Karebiyan da masu gandun daji suka shigo dashi, wanda ke can zai iya gwadawa da shi tunda ya saba da ƙasar. Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, me zai kai shi wahala da bishiyar da ke son hunturun Japan, ga tsamiya a ƙofar gida wadda mutanen Indonesiya da Indiya ke yin bonsai da ita mai ban sha'awa, ga kuka da 'yan Afirka ta Kudu suka ƙware a kai, ga cediya da durumi da ko reshe ka soka sai ya kama, ga ƙariya mai ƙaton gindi tun tana ƙarama. Ni kaina da a gida nake da tsamiya zan fara.

Wanda kuma yake nan Turai kuma lallai fayin yake so, kuɗin kwalin nan in ya raba, fam uku ko huɗu zasu saya masa irin fayin zalla mai yawa daga masu sayar da irin bishiyoyi, sauran ya sayi tsakuwa da kwando da reza. Ko ma ya tsallake wahalar gaba ɗaya ya sayi dashe ɗan shekara biyu ko uku, ko ya shiga shagon lambu ya ɗauki fayin na Sukotland ko gajeren nan na kan dutse da ake kira mugo, waɗanda sun fi jure yanayin nan kuma yau ka saya gobe ka fara koyon ɗaurin waya. Abun da zai rasa kawai shi ne yankan saiwar nan na jarirai, wanda ni a wajena shi ne ya biya kuɗin sabulu.

Tauraro biyu da rabi na basu cikin biyar, da yake shafin baya karɓar rabi sai na danna biyu. Ɗaya na irin fayin ne da ya fito takwas cikin goma, ɗaya na saurin amsa saƙo, rabin kuma na katakan rubuta suna, don har yanzu suna nan a kwandunan, rubutun 'yata na shekara shida bai goge ba. In kyauta zaka ba yaro ya ga yadda iri ke tsirowa ba laifi, amma ka cire littafin ka ɓoye kafin ka miƙa masa. Watan Maris mai zuwa zan zare marar yankan nan in ga ko za a iya gyara saiwarsa, dattijo yace in zo da shi da kwandon duka, kuma in taho da irin cincin ɗin da na kai musu wancan karon.